Shekara 20 a gidan yari saboda wasan wuta: hukuncin ya yi tsauri ko daidai ne?

Ga rubutun shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta bar su sun saurara ba, da kuma waɗanda suka fi son karantawa a tsanake.

Yau maganar wasan wuta za mu yi. Wato irin tartsatsin nan da ake cillawa sama ranar sabuwar shekara, da ƙanensa da yara ke fasawa a lungu, wanda muke kira nokawut ko banga. Tambayar ita ce: idan aka kama mutum da irin wanda doka ta hana, wane hukunci ya dace da shi? Tara ce, ɗauri ne, ko a ja masa kunne a sallame shi? Na san wani zai ce, haba, duk matsalolin da ke damunmu sai nokawut? To ku ɗan yi haƙuri da ni. Cikin wannan ƙaramar magana akwai babbar tambaya a kan yadda hukuma ke hukunta mutane, musamman matasa.

Zan ɗauke ku zuwa Hawayi, wata jiha ta Amurka da ke tsakiyar tekun Fasifik, domin a can ne aka yi wannan muhawara da zafinta kwanan nan.

A daren shiga shekarar 2025, jim kaɗan bayan sha biyun dare, ana shagali a wani gida a unguwar Aliamanu da ke birnin Honolulu. Wani ya kunna irin kayan wasan wutar nan da ke zuwa a dunƙule, bututu da yawa a haɗe, kowanne yana harba nasa sama ɗaya bayan ɗaya. Sai abin ya kife. Maimakon ya harba sama, ya harba cikin akwatunan da aka jibge waɗanda ba a kunna ba tukuna. Nan take komai ya tashi kamar bam. Mutum uku suka rasu da farko, daga baya adadin ya kai shida, cikinsu har da yaro ɗan shekara uku. Sama da mutum 20 suka ji rauni. Jihar gaba ɗaya sashen kula da masu ƙuna ɗaya gare ta, don haka sai da jirgin soja ya kwashi mutum shida ya kai su jihar Arizona neman magani, tafiyar sa'o'i a sama.

Kafin in je ga doka, bari in ɗan bayyana me ya sa abin wasa ke zama bam. Asalin wasan wuta albarushi ne, ɗan'uwan wanda 'yan bindigar sarki ke ɗurawa ranar hawan Sallah. Mutanen Sin ne suka gano shi fiye da shekara dubu da ta wuce. Ana ƙara masa wasu sinadarai don ya ba da launi, ja ko kore ko shuɗi. Ƙwaya ɗaya a fili, idan an ja da baya, ƙara ce da haske kawai. Amma idan aka tara da yawa wuri guda, a cikin ɗaki ko gareji, ɗaya ya kama, zafinsa zai kunna na kusa da shi, shi ma ya kunna na gaba, duk cikin ƙiftawar ido. Shi ya sa dokokin ƙasashe da yawa suke kallon nauyin abin da aka kama ka da shi. Ko ɗan sandan nan mai feshin taurari da ake ba yara su riƙe a hannu, zafinsa yana haura digiri 1,000. Ruwa a digiri 100 yake tafasa, sai ku auna.

To, me dokar Hawayi ta ce tun kafin wannan hatsari? Nan ne abin ya ba ni mamaki. Dokar tana nan, kuma ba mai sauƙi ba ce. Irin wanda ke tashi sama, sai ƙwararre mai lasisi. A tsibirin Oahu, inda Honolulu take, tun 2011 aka hana jama'a har ƙananan masu feshin wuta. Abin da aka bari shi ne ƙananan masu ƙara, su ma sai ka sayi takardar izini ta dala 25, wadda ke ba ka damar sayen ƙwaya 5,000, kuma a daren sabuwar shekara daga ƙarfe tara na dare zuwa ɗaya kawai za ka fasa. Wanda aka kama da masu tashi sama da nauyinsu ya kai kimanin kilo 11, babban laifi ne da zai iya kai shi ɗaurin shekara 5 da tarar dala 10,000.

Amma duk ranar sabuwar shekara sararin Honolulu cika yake da wuta, unguwa bayan unguwa, kowa yana gani, har a bidiyo. Me ya faru? Shari'o'in ne ba sa zuwa ko'ina. Mafi yawansu kotu korar su take yi, ko masu gabatar da ƙara su janye. Dalili kuwa, dole ne a tabbatar wa alƙali cewa abin da mutum ya kunna ya dace da ma'anar da doka ta rubuta, alhali shaidar ta riga ta ƙone ta zama toka. Ga kuma maƙwabta, ba mai son ya je kotu ya ba da shaida a kan wanda gobe za su gaisa a bakin ƙofa. Wannan mu ma mun san shi. Sai aka wayi gari hukuncin yana da nauyi a takarda, a ƙasa kuma kowa ya san ba abin da zai biyo baya.

Bayan hatsarin, gwamnan jihar, Josh Green, wanda shi kansa likita ne, ya matsa a gyara dokar, kuma a tsakiyar 2025 ya sa hannu. Abu uku ne suka ja hankalina. Na farko, an ba 'yan sanda damar rubuta wa mai ƙaramin laifi takardar tara ta dala 300, kamar yadda ake yi wa direban da ya karya dokar hanya, ba sai an yi doguwar shari'a ba. Na biyu, an sauƙaƙa ma'anar kayan da aka hana yadda za a iya kafa hujja. Na uku, an ƙara nauyin hukunci ga mai maimaita laifi, da wanda wasansa ya jawo wa wani mummunan rauni ko mutuwa. A mafi muni, abin zai iya kaiwa ɗaurin shekara 20.

Yauwa. To shekara 20 ta yi yawa?

Kafin in faɗi ra'ayina, mu leƙa wasu wurare biyu don mu samu ma'auni. A Ingila, babba yana iya sayen wasan wuta na gida a wasu lokuta na shekara. Wanda bai kai shekara 18 ba, laifi ne a gan shi da irin na manya a bainar jama'a. An hana kunnawa daga sha ɗayan dare zuwa bakwai na safe, sai a wasu ranaku na biki da ake ƙara lokaci, kamar 5 ga Nuwamba da daren sabuwar shekara. Ɗan sanda yana iya cin ka tarar fam 90 nan take. Idan abin ya je kotu, ɗaurin yana iya kaiwa wata 6, tarar kuma ba ta da iyaka. A maƙwabciyarsu Jamhuriyar Ayaland kuwa, dokar 2006 ta fi zafi: wanda ya kunna marar lasisi, ko ya jefi wani da shi, ko aka kama shi da shi da niyyar sayarwa, yana iya fuskantar tarar yuro 10,000 ko ɗaurin shekara 5, ko duka biyun. Duk da haka, duk ƙarshen watan Oktoba, lokacin bikin Halowin, unguwannin Dublin ba sa barci saboda ƙara.

Kun ga abu ɗaya ne, amma a nan wata 6, a can shekara 5, a wani wurin shekara 20. Wannan kaɗai ya nuna cewa babu wani adadi da kowa ya yarda shi ne daidai. Kowace al'umma tana aunawa ne da irin wahalar da ta sha.

Masu goyon bayan tsauri suna da hujja, kuma ba zan raina ta ba. Suna cewa wanda ya tara akwatunan albarushi a tsakiyar unguwa ba ransa kaɗai ya sa a caca ba. Yaron nan ɗan shekara uku ba shi ya zaɓa ba. Maƙwabcin da rufin gidansa ya kama ba a yi shawara da shi ba. Kuma sana'ar akwai kuɗi a cikinta. Rundunar musamman da Hawayi ta kafa a 2023 ta kama kayan da suka haura tan 100 kafin ma wannan hatsari, yawanci a kwantena da ke shigowa ta tashar jiragen ruwa. Mai shigo da kwantena, idan tarar 'yar kaɗan ce, zai lissafa ta ne cikin kuɗin dako, ya ɗora wa mai saye. Sai ɗauri ne zai sa ya yi tunani sau biyu. Bahaushe ya ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Masu cewa an wuce gona da iri su ma suna da tasu. Na farko, niyya. Wanda ya sayi wasan wuta don ya faranta wa 'ya'yansa rai ba ɗaya yake da wanda ya fita da nufin kisa ba. A Hawayi al'ada ce da ta daɗe, wadda ta samo tushe daga baƙin da suka zo daga Sin da sauran ƙasashen Asiya. Na biyu, su wa ake kamawa? Galibi hannun hukuma ya fi saurin kaiwa ga saurayin da ke tsaye a bakin titi fiye da attajirin da ya yi odar kaya. Na uku, tambarin babban laifi a Amurka ba ya gogewa da sauƙi. Yana bin mutum wurin neman aiki, wurin neman hayar gida, shekaru bayan ya fito. Na huɗu, a irin hatsarin Aliamanu, waɗanda za a gurfanar sau da yawa su ne waɗanda suka binne 'yan'uwansu. Wane ɗauri ne zai fi musu wannan zafi?

Ni dai ga inda na tsaya. Tun 1764 wani masanin shari'a ɗan Italiya, Cesare Beccaria, ya kawo hujjar cewa abin da ya fi hana mutum aikata laifi shi ne tabbacin za a kama shi, fiye da girman hukuncin da aka rubuta. Binciken masana laifuka na zamanin nan ya fi karkata ga wannan. Kuma Hawayi kanta shaida ce. Shekara 5 tana rubuce a doka, amma ba ta hana komai ba, saboda kowa ya san da wuya a kai ga yanke ta. Shi ya sa a ganina, abu mafi amfani a sabuwar dokar shi ne 'yar takardar dala 300 ɗin nan, wadda ba ta yi suna a kanun labarai ba. Tarar da za a iya cin ka yau da daddare ta fi shekara 20 da ba ka taɓa ganin an yanke wa kowa ba.

Don haka idan aka tambaye ni ko hukuncin ya yi tsauri, sai in ce: tsauri ga wa? Mutum huɗu ne a cikin wannan magana, kuma kuskure ne a zuba su a kwando ɗaya. Akwai yaro ko saurayi mai 'yan ƙwayoyi a aljihu. Wannan a ƙwace, a kira iyayensa, in ya girma a ci shi tarar da zai ji a jikinsa, ko a sa shi aikin gayya na unguwa. Kai shi gidan yari zalunci ne, kuma makarantar laifi aka kai shi. Akwai wanda ya jefa wa mutane ko dabba ko mota da gangan. Wannan ya bar wasa, ya shiga cutarwa, a hukunta shi a kan cutarwar. Akwai mai shigowa da kaya da mai ɓoye su a tsakiyar gidajen mutane don riba. Wannan ɗaurin shekaru bai yi masa yawa ba, ko da ba a kai ga hatsari ba, don ya san abin da ya ajiye. Sai na huɗu, wanda sakacinsa ya kashe rai. A nan ina ganin daidai ne doka ta ba alƙali sarari mai faɗi, har zuwa hukunci mai nauyi, amma a bar shi ya duba kowane lamari da idonsa. Shekara 20 a matsayin iyaka ta sama ban ga laifinta ba. Da a ce ita ce dole ga kowa, da na ce a'a.

To mu dawo gida, don mu ma abin ya shafe mu. Duk ƙarshen shekara, wani lokaci har da Sallah, za ku ji rundunar 'yan sanda ta fitar da sanarwar hana sayarwa da fasa nokawut. Dalilansu na gaskiya ne. A garin da mutane suka san ƙarar bindiga da ta bam, ƙara ɗaya tana iya sa kasuwa ta watse, a tattake yara da tsofaffi. Ɓarayi suna iya fakewa da ƙarar. Ga hunturu, komai a bushe, rumfa ɗaya ta kama sai layi ya tafi. Kuma mun ga namu. Ranar 26 ga Disamba 2012, wani ɗakin ajiyar kayan wasan wuta ya fashe a yankin Jankara da ke tsibirin Legas, wutar ta ci gine-gine da dama, an yi asarar rai, mutane da yawa suka jikkata. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Amma ni abin da ke damuna shi ne yadda ake aiwatarwa. Ina tuna wata shekara a unguwarmu, ina sakandare lokacin. An kama ƙanen wani abokina da kwalin nokawut da bai cika tafin hannu biyu ba. Ya kwana a tsare, mahaifiyarsa ta kwana tana zarya, sai da aka haɗa kuɗi kafin ya fito. Ba takarda, ba kotu, ba wanda ya gaya masa wane sashe na doka ya karya. Washegari na wuce ta gaban shagon da ya saya, kayan suna nan a jere, ana ciniki. An bar jaki ana dukan taiki. Kuma a wannan makon dai, wani yaro a layin bayanmu abin ya fashe masa a hannu, har yau yatsunsa biyu ba sa lanƙwasuwa. Duka biyun na gani da idona, shi ya sa ba na iya cewa a bar kowa ya yi yadda ya ga dama, kuma ba na iya cewa a kama kowa a kulle.

Saboda haka ga abubuwan da ya kamata kowane matashi ya sani. Sashe na 36(12) na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ce ba za a samu mutum da laifi ba sai laifin da hukuncinsa suna rubuce a doka. Wato sanarwa a rediyo ita kaɗai ba ta isa a ɗaure mutum ba, dole a nuna dokar da ake tuhumarsa da ita. Akwai dokar abubuwa masu fashewa ta 1964, wadda ta shafi shigo da irin waɗannan kaya da ajiye su da sayar da su, don haka kada wani ya ɗauka babu doka kwata-kwata. Sashe na 35 kuma ya ce wanda aka tsare a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tsakanin kilomita 40, in babu, kwana biyu. Beli a ofishin 'yan sanda kyauta ne. Sannan dokar shari'ar laifuka ta 2015 da dokar gidajen gyaran hali ta 2019 sun buɗe ƙofar hukuncin da ba na ɗauri ba, kamar yi wa al'umma aiki. A ƙasar da fiye da rabin mutanen da ke gidajen yari jiran shari'a suke yi, ƙara musu yaro mai nokawut ba dabara ba ce.

Wannan ba lasisi ba ne na ba ku, don Allah. Sanin haƙƙinka ba zai mayar maka da yatsa ba. Idan kana da ƙane, ka hana shi, ka gaya masa dalili. Wanda aka kunna bai tashi ba, kada a koma a ɗauka, a nan ne da yawa suke rasa hannu. Idan ka san wani yana jibge katan-katan a ɗaki kusa da inda mutane ke kwana ko kusa da masu sayar da fetur, ka gaya wa mai unguwa tun kafin a ji ƙara. Wannan ba gulma ba ce, ceton rai ne.

Ga hukuma kuma, roƙona ɗaya ne. Nokawut ba a bishiya yake tsirowa ba. Ta tashar ruwa da kan iyaka yake shigowa, ya sauka a manyan shaguna, kafin ya iso hannun yaro. A fara daga can. A fito da doka bayyananna da kowa zai gane: wane iri aka hana, nawa ne tara, wa ke karɓa, ina rasit. Ranar da mai kwantena ya fara jin tsoro fiye da yaron lungu, ranar ce zan yarda cewa hukuncin ya hau kan wanda ya dace.

Nan za mu dakata a wannan mako. Ku gaya mana yadda abin yake a garinku: ana kama masu sayarwa, ko yara kawai ake bi? Kuma a ganinku, wanda wasansa ya jawo mutuwar wani ba da niyya ba, shekara nawa ta dace da shi? Za mu karanta wasu daga cikin amsoshinku a shiri na gaba, in Allah ya kai mu. Allah ya tsare mu da gobara, ya tsare mana yaranmu.